Tarin Gwaggo

A takardun ofis jirgin sintirinmu yana da lamba da wani dogon suna, amma a ƙauyenmu ba mai wahalar da bakinsa da su. Gwaggo suka laƙaba masa, kuma tun daga ranar ya koma mace. Dalilinsu shi ne ba ta taɓa zuwa wurin mutum ta koma hannu rabbana ba, sai ta ƙwace masa wani abu ta kuma yi masa faɗa a kai. Da ta baro tasha za ka ji matan da ke shanyar ciyawar teku suna miƙa wa juna, "Gwaggo ta fito." Kafin mu fita daga mashiga labari ya riga mu kaiwa ƙarshen gaɓa.

Ni ne matuƙinta. Sunana Vuai, shekara shida ina riƙe da sitiyarinta. Kafin in sa kayan sarki masunci ne ni, ɗan masunci, ƙanena Pandu kuwa bai taɓa barin su ba. Mu biyu rak muka rayu cikin 'ya'yan mahaifiyarmu Bi Kidawa. Takan ce Allah ya ba ta ɗa mai gudu da ɗa mai kora, don kada ta rasa abin da zai hana ta sukuni.

In iskar kusi ta taso daga kudu, teku kan rufe wa ƙananan jirage wata uku, wani lokaci huɗu. Ciki kuwa ba ya rufewa. Shi ya sa mutanenmu ke lallaɓawa bayan Tsibirin Ƙaguwa, inda hukuma ta hana su, da taru mai ƙananan ido wanda shi ma ta hana. Ban ce hukuma ba ta da gaskiya ba, tarun nan har jikokin kifi yake kwasowa, kuma da hannuna na sha zuba wa irinsa kananzir a gaban mai shi. Amma a bayan tsibirin akwai wani siririn rafi da ya kutsa cikin mikoko, itatuwan nan da ke tsaye cikin ruwan gishiri. In kwalekwale ya shige ciki ko shaho ba ya ganinsa. Ubanmu ne ya nuna mana shi.

Satin da na kama aiki Pandu ya same ni ina goge takalmi.

"Yaya, yanzu in ka gan ni a can fa?"

"In kama ka mana. Kai ɗan wane ne?"

"Ka kuma dawo gida ka ci shinkafar Mama lafiya lau?"

Na ci gaba da gogar takalmin har ya wuce misali. Sannan na ce, "Saurara, mai ƙaton kai. In na zagayo hancin tsibirin zan ba inji wuta sau biyu. Vum, vum. In ka ji biyu ka shige rafi ka kwanta. Ko wuta ce ta kama wandonka kada ka ɗago sai ƙarar ta ɓace. Ran da ba ka ji biyu ba, to ba kamu na zo ba. Ka ji ni?"

Ya ƙame ya sara mini, ya kira ni yadda ake kiran manyan masu kayan sarki a wurinmu. "Na ji, Afande!"

"Afanden gidanku."

"Gidanmu ɗaya ai."

Magana ce tsakanina da ƙanena, amma kafin Juma'a ta zagayo duk ƙauye ya sani. Ba wanda ya taɓa yi mini zancen, sai dai Mama ta tashi ta tarar da kifi a ƙofa. A jirgi Silima makanikinmu ne kaɗai ya gane. Yakan ce, "Gwaggo na da tari, amma mai ladabi ne, wuri guda take yin sa." Shekara shida, fita nawa ban sani ba, ban taɓa wuce hancin nan ban ja totur sau biyu ba.

Wata Litinin da asuba Pandu ya fita shi da Baba Mcha, wani dattijo da ya yi su tare da ubanmu. Har magariba ba su dawo ba. Talata da sassafe ina duba igiyoyin Gwaggo sai na hango Mama tafe kan gadar tasha, ta yafa zanenta a baibai. Ba ta taɓa taka gadar nan ba. Na saki igiyar na tare ta.

Shugabanmu a lokacin Afande Chilongani ne, mutumin tudu, daga can cikin ƙasa inda ruwan rijiya ne mafi girman ruwan da suka sani. Ba mugu ba ne. In teku ta motsa amai yake yi, amma ba ya fasa fita. Ya ba Mama kujerarsa ya tambaye ta inda Pandu ya ce zai je.

"Can ciki," in ji ta, ta nuna tsakiyar teku da haɓa.

Amsar kowa ke nan a wurinmu in mai kayan sarki ya yi tambaya. Na ja ta bayan tankin ruwa.

"Mama, ba riga ke tambayarki ba, ni ne. Ina Pandu ya tafi?"

"Can ciki ya ce mini."

"A cikin kusin nan? Da wancan injin nasa mai asma?"

"To ni zan sani? Tun da ka sa rigar nan ya daina gaya mini gaskiya, wai kada in yi suɓul da baka a gabanka. Kai ma ba ka gaya mini taka. Kun haɗu kun mai da ni kurma a gidana."

Na kira wayarsa, sai ta yi ƙara a cikin jakar Mama. Ba mai zuwa bayan tsibiri da waya, sun yi imani da ita hukuma ke bin sawun mutum. Na koma na ce wa Afande mu fara duba bayan Tsibirin Ƙaguwa.

"Wurin da aka hana? Me zai kai shi can?"

"Iska, Afande."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce to. Silima ya zura sanda a tanki ya zaro, mai bai kai rabi ba. Ya ce awa biyar, in Gwaggo ba ta yi fushi ba. Motar mai kuwa ba ta da rana, sai ran da muka gan ta.

Ƙarfe takwas muka fita, ruwa na janyewa. Jikina ne ke tuƙi, hankalina ya riga ni zuwa rafin. Bakina sai addu'a yake, wadda na iya da wadda na iya rabinta. Muka zagaya hancin tsibirin. Silima ya ɗago kai daga ramin inji ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya mayar da kansa ciki. Ban kula ba, mikoko nake hange.

Bakin rafin ya riga ya koma taɓo da duwatsu. Gwaggo mai zurfin ciki ce, in ta ƙara matsawa za ta zauna ne har sai ruwan la'asar ya ɗaga ta. Na tsayar da ita iyakar inda zan iya, nisan kamar filin ƙwallo uku. Lasifikarmu ta mutu tun azumi, an rubuta takarda a kanta har mun gaji. Na haɗa tafin hannu a baki na yi ta kiran Pandu, kusi na maido mini da sunan a fuska. Afande ya sa aka kunna jiniya. Na so in hana, don a kunnen masunci jiniya ba ta nufin taimako, amma me zan ce? Ya bi bakin itatuwan da madubin hangen nesa, ba komai sai fararen tsuntsaye.

"Afande, bari in sauka in taka da ƙafa."

"Cikin wannan taɓon? Ka nutse har ƙirji, in koma neman mutum uku? Wa zai tuƙa?" Ya dubi agogo. "Vuai, in suna ciki sun ji mu. Mutumin da ya kwana a ruwa, ya ji jirgi ya zo, ɓuya zai yi? In kuwa suna can waje, kowane minti iska na ƙara nisa da su."

Maganarsa daidai ce a kowace teku ban da tamu. Amma na ce a raina ai mun yi da Pandu, ran da bai ji biyu ba ya san ba kamu na zo ba. Da yana ciki da ya fito. Da wannan na kwantar wa kaina da hankali. Afande ya zana ɗan kuros da fensir a kan taswira, alamar an duba, na juya hancin Gwaggo zuwa waje.

A waje teku ta nuna mana halinta. Igiyar ruwa ta ɗaga mu ta buga, ta sake ɗagawa. Afande ya yi amai ya goge baki ya mayar da madubi a ido. Duk wani baƙin abu a kan ruwa sai mu matsa mu tarar kututture ne ko tsohuwar jarka. Da rana ta take Silima ya fito ya tsaya kusa da ni, sandar awon mai kawai ya nuna mini. Na zage shi. Na zagi tankin, na zagi motar mai da wanda ya haifi direbanta. Sannan na juya, don ba yadda zan yi. Da ƙyar muka kai gada, inji na tsotsar gindin tanki.

A ranar ba ɗan ƙauyenmu ko ɗaya da ya leƙa rafin. Gwaggo na waje, kuma zuwa can a gabanta nuna mata hanya ne. Sai Laraba suka je. Suka tarar da taru a cushe ƙarƙashin saiwoyi, ba jirgi, ba mutane. Ba su gaya mini ba, Mama suka gaya wa, ita ta gaya mini. Na ce lalle tun Litinin suka fita daga ciki. Na faɗa wa Mama haka, na faɗa wa kaina sau ɗari.

Laraba da Alhamis a ɗaure muka yi su. Afande ya wuni a kan waya, a ƙame kamar wanda yake magana da shi na ganinsa: "Na'am, Afande. Mutum biyu, Afande. Na gane, Afande." Kullum amsa ɗaya ce, mota na hanya. Masunta suka gwada fita da nasu jiragen, kusi ya koro su kafin su wuce mashiga. Ni kuwa ga ni da jirgin da zai iya keta ruwan, mai inji biyu, fes da shi, ina zaune a kansa ina kallon teku. Don kada mu haukace Afande ya sa muka wanke Gwaggo. Na goge tagullarta har ina ganin fuskata, ban taɓa tsanar wani abu kamar yadda na tsane ta ranar ba.

Da hantsin Alhamis Mama ta sake zuwa, riƙe da kwalba. Kananzirin fitilarta ne. Ta miƙa wa Silima.

"Ungo, zuba mata."

"Mama, ba ta shan wannan."

"To me take sha? In jini ne ku faɗa, ga ni."

Silima ya karɓi kwalbar da hannu biyu ya yi godiya, ya shiga ramin inji ya daɗe bai fito ba.

Mai ya iso bayan an sauko daga Juma'a. Muka bi arewa, inda ruwa ke jan duk abin da ya kama a wannan lokacin. Asabar ma muka fita, Lahadi ma. Tsibirin Ƙaguwa ba mu sake bi ta kansa ba, akwai kuros a kai. Ba mu ga ko tsinke ba.

A rana ta tara da fitarsu aka bugo daga ɓangaren Kenya. Wasu masunta sun tsinci kwalekwale, da dattijo ɗaya a ciki, da ransa. Mutum ɗaya. Muka yi wa Pandu salla ba gawa a gabanmu, sai limami da bango.

Da aka sallamo Baba Mcha daga asibiti na je gaishe shi. Yana zaune kan tabarma a gindin mangwaro, kusa da kanumfarin da matarsa ta shanya. Ya rame, leɓɓansa sun tsattsage, shayi ma da cokali ake ba shi. Na durƙusa muka gaisa, ya kori matar da ido.

Ya ce tun azahar ta Litinin injin ya mutu, suna bakin rafin. Suka tura jirgin ciki, Pandu ya kwance injin ya ɗaura, ya sake kwancewa, ya ƙi tashi. Nan suka kwana, da ruwan sha rabin jarka.

"Talata da safe muka ji Gwaggo tun daga nesa," in ji shi. "Na miƙe na cire riga zan hau reshe in kaɗa. Ƙanenka har dariya yake, yana cewa, 'Ka gani ko, Baba? Yaya ya zo.' Sai muka ji biyu."

"Biyun me?"

"Vum, vum."

"Ban yi ba, Baba."

"Ka yi, ɗana."

"Wallahi ban yi ba! Neman sa na fito, ya za a yi in..."

Fuskar Silima ce ta dawo mini, lokacin da ya ɗago daga ramin inji. Na dubi hannuna na dama, yana nan ajiye a kan gwiwata kamar bai san komai ba.

Baba Mcha ya ci gaba, a hankali, don magana na yi masa ciwo. "Na ce masa, Pandu, ƙyale taru, ƙyale gidan yari, mu fita. Ya fizgo ni ƙasa ya danne mini kafaɗa. Ya ce, 'Yaya ya ce in na ji biyu in kwanta ko wandona na ci da wuta. Tunda ya yi biyu ya san abin da ya gani. In muka fito rigarsa ce za ta tafi.' Can sai ga jiniya. Ya ce, 'Ka ji ko?' Muka kwanta cikin taɓo, sauro na cinmu, har ƙarar ta ɓace."

"Na kira sunansa, Baba. Har muryata ta dishe."

"Mun ji wani abu kamar murya. Iska ta cinye."

Da ruwa ya kawo da la'asar, ƙishirwa ta hana su ƙara kwana. Suka ɓoye tarun, suka ɗaura leda a sanda don iska ta tura su gida. Iskar ta tura su, amma ba gida ba. A rana ta biyar Pandu ya fara surutai, ta shida da safe bai tashi ba. Baba Mcha ya riƙe shi yini guda, sannan ya yi masa abin da ya iya na salla ya sake shi cikin ruwa.

"Bai zage ka ba," in ji shi. "Har ƙarshe cewa yake, 'Yaya zai dawo ran da babu Afande a jirgi.'"

Ban san yadda na kai tasha ba. Na sami Silima yana wanke hannu da omo, na shaƙe wuyan rigarsa.

"Ka ji ka yi shiru? Don me?"

Bai ƙwace ba. "Na zaci da gangan ka yi, Vuai. Na ce ko ka san wasu na ciki. Afande na tsaye a kafaɗarka, in ce me? In ce me ya sa yau ma ka yi? Kullum maganar na bakina, na kasa."

Na sake shi. Ba shi ya ja totur ba.

Mama ban gaya mata ba, kuma ba ta tambaya ba. Na san ta sani, duk ƙauye ya sani, amma kamar da, ba mai yi mini zancen. Tana zuba mini shinkafa, ina ci, ba ma haɗa ido. Kifi ma bai daina zuwa ƙofa ba. Na so wani ya tare ni a hanya ya tofa mini miyau, ko ya ce mini kai ka kashe shi, in sami wanda zan yi wa kuka a gaba. Ba wanda ya yi mini wannan alfarmar.

Bayan sati biyu Baba Mcha ya fara takawa da sanda. Ya same ni a ƙofar masallaci ina neman takalmina, ya tsaya har mutane suka watse.

"Aiko ni aka yi, ɗana. Ni ma ban so ba." Ya kau da kai. "Kusi bai wuce ba, gidaje ba komai. Suna tambaya, biyun tana nan?"

Na sa takalmi na tafi.

Litinin da safe aka ce mu fita sintiri. Ina tafe bakin gaɓa na ga gurbin kwalekwale uku a kan yashi, kuma na san na su wa ne, na san matansu, na san sunayen 'ya'yansu. Afande ya tsaya a inda ya saba, da madubinsa a wuya. Da muka doshi hancin tsibirin na riƙe sitiyari da hannu biyu, na damƙe har yatsuna suka yi fari. Wannan karon ina sane da hannuna. Ina kallonsa na ɗauke shi daga kan sitiyarin na ɗora a kan totur, na ja sau biyu.

Afande bai juyo ba. Ya ce, "Silima, har yanzu tarin nan nata bai warke ba?"

Na rage gudu muka wuce ta gaban rafin, ina kallon mikoko ta cikin hawaye. Ko ganye bai motsa ba. Duk sun ji ni, duk sun kwanta.